Tambayi Bakanike: Zan iya ƙera manifol ɗin turbo da waldar lantarki?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin wannan makon kusan duk akan turbo suka taru, na'urar nan da hayaƙi ke juyawa ta tura wa inji ƙarin iska, shi yasa na ware guda uku da suka shafi manifol, wato bututan da ke kwaso hayaƙi daga top silinda su kai wa turbo. Masu tambayar giyar mota da na AC ku yi haƙuri sai fita ta gaba in Allah ya kaimu.

TAMBAYA: Salam Oga, barka da aiki, Allah ya ƙara basira. Ni dai ina da BMW E36 325i mai injin M50, shekara uku kenan ina lallaɓa ta, yanzu na samu turbo Holset HX35 da aka ciro daga wata babbar mota mai injin Cummins, na taɓa fankar bata girgiza sosai. Matsalata manifol ne, na ga na waje a intanet masu kama da taliya kowane bututu ya nannaɗe da ɗan'uwansa amma kuɗinsu da kuɗin kawowa yafi ƙarfina, shine nace ko in haɗa kai da wani abokina mai walda mu ƙera namu, shi waldar lantarki yake yi da ilektirod, yace in sayo bututun sitenles irin na hannun bene mu lanƙwasa. Dan Allah wane ƙarfe ya dace, kuma wai dole sai bututan sun zama tsayi ɗaya kamar yadda ake faɗa? Ni ba tsere zan shiga ba, matsin iska kaɗan nake so daga turbo kamar rabin bar haka. Daga ƙaninka a Tudun Wada, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, na ji daɗin saƙonka don ka faɗi mota, ka faɗi inji, ka faɗi turbo, ka kuma faɗi iya abinda kake nema, da haka kowa ke rubutowa da aiki yayi sauƙi. Amsa a taƙaice eh zaku iya, kuma kana Kaduna ga Panteka a kusa da kai inda babu irin ƙarfen da ba'a sarrafawa, amma dan Allah bututun hannun bene ɗin nan ka cire shi daga ranka tun yanzu kafin ka kashe ko sisi.

Bari in faɗa maka dalili. Hayaƙin da ke fita daga injin fetur mai turbo idan ka taka mota sosai yana kai digiri 800 zuwa 900 har ya ɗan haura, a wannan zafin ƙarfe yayi ja yayi laushi, ga nauyin turbo rataye a jikinsa, ga inji na kaɗawa, ga ramukan titi. Shi kuma na hannun bene don ado aka yi shi, kaurinsa da ƙyar yake wuce milimita 1 da ɗan kai, kuma akasarinsa sitenles ne mai lamba 201 wanda bai kai 304 jure zafi da tsatsa ba, kuma kar wani ya ruɗe ka da maganaɗisu yace ai kaga bai kama ba, duka biyun basa kamawa sosai, gwajin bai raba su. In ka sa ilektirod a wannan siririn bututun ma hujewa zai dinga yi kuna cikewa, kuma ko kun samu ya haɗu yayi kyau a ido, ba'a daɗe ba zaka fara jin tsit-tsit-tsit da safe in ka tada mota, ka leƙa ka ga baƙin hayaƙi ya zana layi a gefen walda, to ya tsage kenan.

Abinda masu ƙera manifol ke amfani dashi a ko'ina shine gwiwoyin fayif masu kauri irin na aikin tururi da gas da masana'antu, waɗanda ake haɗawa da walda ba masu zare ba, kaje wajen masu kayan fayif kace elbo da ti na walda kake so, shedul 40, wato lambar kaurin bango, inci ɗaya da rabi. Wannan girman faɗinsa ta waje milimita 48 ne da ɗigo, ramin ciki wajen 41, kaurin bango kusan 3.7. Akwai shedul 10 mai kaurin kusan 2.8, shi yafi yawa a sitenles kuma mai waldar TIG, wato walda mai amfani da iskar argon, shi ke jin daɗinsa. Tunda abokinka ilektirod gareshi ni shawarata baƙin ƙarfe shedul 40, kar kyallin sitenles ya ja ka. Baƙin ƙarfe zaiyi tsatsa a waje, eh, zaiyi launin ƙasa ba kyan gani, amma yana yafe kuskure, yana karɓar walda, kuma baya miƙewa da zafi kamar sitenles.

Wannan maganar miƙewar ita ce gaba ɗayan sirrin aikin, don haka bari in tsaya a kanta. Tsakanin silinda da silinda a M50 milimita 91 ne, daga bakin na ɗaya zuwa na shida kusan rabin mita kenan. Baƙin ƙarfe mai tsayin rabin mita in zafinsa ya ƙaru da digiri 700 zai ƙara tsayi sama da milimita 4, sitenles 304 kuma wajen milimita 6. Shi ko top silinda da ka ɗaure manifol ɗin a jikinsa alminiyam ne da ruwan lagireto ke zagayawa a ciki, zafinsa bai wuce digiri 100 da wani abu ba, ma'ana shi yana nan kusan inda yake, manifol na son tafiya. Duk tada mota sai ya miƙe, duk kashewa sai ya dawo, sau ɗari sau dubu, to wani abu dole ya bada kai, ko walda ta tsage ko farantin da ke manne da top ya banƙare ko kusoshi su karye a cikin top, kuma kusoshin salansar M50 'yan sirara ne masu lamba M7, wanda ya taɓa haƙo karyayyen guda ɗaya daga silinda ta shida can jikin bango ya san wahalar da nake faɗa. Ka duba manifol ɗin da motar ta zo dashi daga kamfani, ai guda biyu ne na ƙarfen zubi, uku gaba uku baya, ba don ƙarfe ya ƙare musu suka raba ba.

To kaima haka zaka yi, ka raba shi biyu. Kuma ka taki sa'a don turbo ɗin da ka samu bakinsa a rabe yake, juya HX35 ɗinka ka kalli inda hayaƙi ke shiga zaka ga rami biyu da bango a tsakani, girman bakin shi ake kira T3. Injinka yana tashin wuta ne 1-5-3-6-2-4, in ka lura ɗaya daga gaba ɗaya daga baya suke karɓa-karɓa, 1 gaba, 5 baya, 3 gaba, 6 baya, haka har ƙarshe. Idan ka haɗa 1, 2, 3 a bututu ɗaya suka shiga rami ɗaya, 4, 5, 6 suka shiga ɗayan, kowane ɓangare yana samun bugun hayaƙi a tsare duk bayan digiri 240 na juyin kiranshaf, babu wanda ke tura hayaƙinsa cikin silindar maƙwabcinsa lokacin da bawul ɗinta ke buɗe, kuma bugun na isa fankar da ƙarfinsa, sai turbo ya tashi da wuri. Wannan yana da muhimmanci gareka don HX35 an yi shi ne don injin dizal mai lita 5.9, kai kuma lita 2.5 gareka, duk abinda zai taimaka masa ya farka da wuri kana buƙatarsa. Ga masu silinda huɗu da ke karantawa, naku 1-3-4-2 ne, sai ku haɗa 1 da 4, 2 da 3.

Batun tsayi ɗaya kuwa, gaskiya ne yana da amfani, amma amfaninsa a can sama yake wajen masu neman doki ɗari biyar ɗari shida suna kai allura jan layi kullum. A rabin bar bazaka ji bambancin da zai biya wahalar ba. Dogayen bututai suna zubar da zafi a hanya alhali zafin nan shi ke juya turbo, suna cika ƙarƙashin bonet da wuta, kuma kowace gwiwa walda biyu ce, kowace walda wuri ne da zai iya tsagewa. Irin mai kama da taliyar nan zaka ƙirga walda talatin arba'in a jikinsa, naka gajere mai kauri ba zai kai rabin haka ba. Ni dai in motata ce gajeren zanyi, in ta shekara lafiya na ga ina son ƙari sai a yi maganar wancan.

Yanzu farantin da ke manne da top, fulanji kenan. Kaurinsa kar ya gaza milimita 12, baƙin ƙarfe, ka ɗauki sabon gasket ɗin salansa ka kai wa masu yanka su bi shi daidai, in da mai yankan leza ko injin kwamfuta yafi, in da gas aka yanka to sai an bi ramukan da giranda da fayil an gyara. Na bakin turbo shima haka, 12, mai bango a tsakiya. Ramin hayaƙin M50 ba zagayayye bane kamar fayif, ɗan shimfiɗaɗɗe ne, sai kun ɗumama bakin gwiwar kun matse a bayis ya ɗauki siffar ramin, kar a bar tudu a ciki inda hayaƙi zai yi karo. Ramukan kusoshi na gefe-gefe a ɗan buɗa su fiye da na tsakiya don faranti ya samu wurin motsi, in kuma faranti ɗaya dogo aka yanko maka to bayan an gama walda a tsaga shi tsakanin silinda 3 da 4, wasu ma tsakanin kowace silinda suke tsagawa.

Kafin a kunna injin walda, turbo ake fara ajiyewa, ba bututu ba. Wannan kuskuren na gani ya fi a ƙirga, mutum ya gama manifol mai kyau a kan benci ya kawo mota bonet ya ƙi rufuwa. Injin E36 a kwance yake ya karkata wajen dama, ɓangaren salansa kenan, wurin a matse yake, ga kwamfiresan AC a ƙasa ga ƙafar injin sitin, abinda ya taimake mu shine motocinmu sitiyarin hagu ne, sandar sitiyari bata bi ta nan ba kamar na Ingila. Da girman HX35 yawanci sama ake ɗora shi ta gaba. Ku riƙe shi a inda kuke so da ɗan ƙarfen wucin gadi da kuka ɗiga wa walda daga fulanji zuwa fulanji, ku sa dunƙulen laka ko kwaɓaɓɓen fulawa a samansa ku rufe bonet a hankali ku buɗe ku ga nawa ya lotsa, a samu ko da yatsa biyu. Ku tabbata akwai hanyar da bututun salansa zai sauka, akwai wurin filtar iska, sifana zata shiga kowane noti, kuma mafi girma duka, ramin da baƙin mai ke fita daga turbo yana kallon ƙasa sosai. Man nan ba famfo ke dawo dashi ba, gangarowa yake da kansa zuwa botom filet, in ya karkata da yawa ko tiyon yayi siriri ko ya lanƙwashe sai mai ya taru a ciki ya tsallake zoben ya fito ta salansa, ka ga shuɗin hayaƙi kace turbo ya mutu alhali lafiyarsa ƙalau. Holset na son tiyon dawowa mai faɗi, ka nemi mai ramin milimita 19, kuma ya shiga botom filet sama da inda mai ke tsayawa.

Sai walda. Ga abinda zaka gaya wa abokinka, kuma ka faɗa masa da girmamawa don sana'arsa ce. Kowane baki a fiƙe shi da giranda yayi gangare, in an haɗa biyu su bada kwari kamar harafin V, a goge baƙin fentin da ke jikin gwiwar ciki da waje har sai ƙarfe yayi fari, a bar 'yar tazara kaɗan don wuta ta ratsa har ciki. Waldar da ta kwanta a sama kawai kamar an shafa man gyaɗa bata riƙe manifol. Ilektirod 6013 da aka saba yin ƙofa da taga dashi ba shi nake so anan ba, a nemo 7018, kuma a busasshe, don yana shan danshi, wanda ya kwana a buɗe a damina sai an gasa shi. A fara ɗiga tak-tak a jikin mota, a cire batir tukuna saboda birenbos, wato kwamfutar mota, sannan a kwance a kai benci. Wajen cikawa a ɗaure fulanjin tam a jikin wani tsohon top silinda da ya mutu, ana samu wajen 'yan gwangwan, ko a kan ƙarfe mai kauri sosai, a yi walda kaɗan nan a tsallaka can, a bari ya huce, kar a bi layi ɗaya daga farko har ƙarshe. Kuma kar a zuba masa ruwa don sauri, a barshi ya huce a ɗaure.

Duk da haka sai ya ɗan banƙare, kar ranka ya ɓaci. Ɗora rula ta ƙarfe a fuskar fulanjin ka ɗaga wajen rana, zaka ga haske na ratsowa ta ƙarƙashi a tsakiya ko a gefe, siriri kamar zare. Wannan hasken shine inda gasket zai ƙone. Kai shi wajen masu facin top silinda su wanke fuskar ta kwanta, duka fulanji biyun, kuɗin kaɗan ne akan abinda zai tare maka.

Akwai abu ɗaya da waldar ilektirod ke dashi da yake bani tsoro a manifol, kashin walda. Duk ɓarɓashin da ya maƙale a cikin bututu wata rana zafi zai ɓamɓaro shi, kuma hanya ɗaya gareshi, cikin fankar da ke juyi sama da dubu 100 a minti. An taɓa kawo min wata mota da ba'a yi sati biyu da haɗa ta ba, mai ita yace ƙarfi ya ragu kuma tana wani kuka kamar jiniya, muka kwance turbo, bakin kowane fiffike na fankar hayaƙi ya gutsure kamar ɓera ya ci, na zura yatsa cikin manifol ɗin na ji ƙurajen walda tsiri-tsiri wasu na motsi, yaron ya tara kuɗin turbo ɗin nan wata da watanni, wallahi har na kasa kallon fuskarsa. Don haka duk gwiwar da aka haɗa a leƙa da tocila a bi da ƙaramar giranda da burushin waya kafin a ɗora ta gaba, tun hannu na iya kaiwa, a ƙarshe a bubbuga a wanke a busa da iskar kwamfiresa. In da hali ka samu mai TIG yayi zagayen farko na ciki, abokinka ya cike sama, wannan yafi komai. Wanda kuma ya dage sai sitenles, to 304 ko 321, da TIG, waya 308L ga 304, in za'a haɗa shi da fulanjin baƙin ƙarfe 309L, kuma dole a cika cikin bututun da iskar argon lokacin walda, in ba haka ba cikin waldar zaiyi baƙi yayi burtsi-burtsi kamar ƙonannen sukari, daga nan tsagewa ke farawa.

Westget, wato ƙofar da ke zubar da rarar hayaƙi don kar iska ta wuce yadda kake so. In HX35 ɗinka mai ƙofa a jiki ne, ka sani 'yar ƙarama ce kuma an saita ta ne ga matsin dizal wanda yafi ƙarfin injinka nesa ba kusa ba. Mutane na ɗauka mai son iska kaɗan ƙaramar ƙofa zai sa, alhali akasin haka ne, kai da kake son rabin bar hayaƙi mai yawa zaka zubar, don haka ta waje zaka sa mai milimita 44 da sifirin na rabin bar. Kuma inda aka dasa ta yafi girmanta muhimmanci, bututunta ya fita ta inda hayaƙi ya nufa kamar hanya ta rabu biyu, ba a huda gefe a manna ta a tsaye ba, in kayi haka hayaƙi wucewa zaiyi abinsa ka ga allurar bus, wato ma'aunin matsin iska, na ta hawa kana kallo. Tunda manifol ɗinka biyu ne dole ta ɗebo daga duka ɓangarorin, ko ƙofa biyu ƙanana, ko bututu biyu su haɗu da bango a tsakaninsu har zuwa bakin ƙofar.

Na ƙarshe a kan manifol, kar ka barshi ya ɗauki turbo shi kaɗai. Ɗaga HX35 da hannu ɗaya ka ji. A yi masa tokara daga fulanjin turbo zuwa jikin inji, inji fa ba bodi ba, don inji na motsi a kan sitin ɗinsa bodi na tsaye, kuma a ɗaure ta da noti ta yadda zata ɗan bada wuri in ƙarfe ya miƙe. Bututun salansa da ya sauka a sa masa fileksibul, a rataye shi da kyau, in ba haka ba duk ramin da ka faɗa salansar gaba ɗaya zata zama sanda tana ɓamɓarar manifol.

Ka sani manifol rubu'in aikin ne, M50 matsin silindarsa 10 ne zuwa 10.5 gwargwadon mai Vanos ne (na'urar da ke sauya lokacin buɗe bawul) ko marar shi, ga zafin garinmu ga fetur ɗin da ba kullum ka san me aka zuba maka ba, sai da intakula mai sanyaya iskar turbo, manyan nozul, famfon fetur mai ƙarfi, da wanda ya iya saita birenbos yana kallon ma'aunin iska da mai. Kar ka taka ta kafin a saita ko sau ɗaya. Kuma dan Allah in ta tashi a nemi fili a gwada, banda cikin unguwa banda ayarin biki, yaran mutane na kan hanya. Ka turo min hoto in kun ɗiga walda kafin ku cike.

TAMBAYA: Oga ina wuni, ni mai walda ne a Maraɗi, wani ya kawo min aikin manifol na Golf, ina da ragowar fayif ɗin ruwa mai farin shafe mai kauri, zai yi? Masu gidanmu sunce in an sha madara hayaƙinsa baya komai.

AMSA: Lafiya lau ɗan'uwa, Allah ya taimaki sana'a. Kaurin yayi amma shafen ne matsala, kar kayi dashi. Farin nan zinki ne, yana narkewa a digiri 420 ya tafasa a 907, wutar walda kuwa ta ninka haka, shi yasa kake ganin farin hayaƙi mai kauri da wani gari fari-fari mai ɗan rawaya a gefen walda. Wanda ya shaƙe shi da yawa bayan 'yan awanni sai zazzaɓi, sanyi, ciwon gaɓoɓi, ƙirji ya riƙe, baki na ɗanɗanon ƙarfe, da yawa sai su ɗauka maleriya ce su sha magani. Maganar madara na san an gaje ta kuma iyayen gidanmu da kyakkyawar niyya suke faɗa, amma madara ciki take tafiya hayaƙi kuma huhu, basa haɗuwa. Banda lafiyarka, zinkin na shiga cikin waldar ya sa ta ƙuraje da ƙananan ramuka, wanda ya rage a cikin bututu kuma zai ɓare da zafin inji ya bi ta turbo. Nemi baƙin fayif marar shafe. Tunda muna kan wannan, sitenles ma hayaƙinsa na da guba saboda kuromiyam, a yi shi a inda iska ke wucewa da abin rufe hanci na gaske ba ƙyalle ba, kuma kar a wanke ƙarfe da feshin wanke birki sannan a sa masa wuta, wasu irinsa na da sinadarin kulorin da ke zama iskar fosjin mai kisa in ya haɗu da wutar walda. In numfashi ya ƙi daidaita bayan aiki a tafi asibiti a faɗa musu abinda aka shaƙa.

TAMBAYA: Barka Oga. Na sa turbo a Civic ɗina, da daddare in na dawo daga doguwar hanya na buɗe bonet sai in ga manifol yayi ja, har robar wayar da ke kusa ta fara narkewa. In naɗe shi da ƙyallen zafi irin wanda ake sayarwa? Daga Jos.

AMSA: Yawwa ƙanena. Ƙarfe na fara nuna ja a cikin duhu tun daga digiri 500 da 'yan kai, don haka in ka taho da gudu ka hau tudu ka tsaya nan take ka ga ja mai duhu kamar garwashin da ya fara mutuwa, wannan ba abin tsoro bane, kuma kar ka kashe ta a lokacin, barta tayi silo minti biyu mai ya zagaya ya sanyaya turbo. Amma in tana ja a tafiyar cikin gari ko a silo, ko jan yayi haske kamar lemu, to ba manifol bane, ko taimin yayi baya wuta na ƙarasa ci a cikin bututu, ko fetur yayi kaɗan, ko salansa ta toshe, a duba wannan tukuna don naɗi ɓoye shi kawai zaiyi har bawul ya ƙone.

Shi ƙyallen yana rage zafin ƙarƙashin bonet da gaske, sai dai zafin da ya hana fita a jikin ƙarfen yake zama, manifol ɗin hannu kuma a walda yake jin jiki, ga shi yana riƙe ruwa in an wanke inji ko an shiga kududdufi sai tsatsa ta ci ta ƙarƙashi baka gani, in baƙin mai ya ɗiga ya jiƙa shi kuma zai iya kamawa da wuta. Ni a bututun salansa da ya sauka nake naɗawa, manifol kuma garkuwa nake masa, falle na alminiyam ko sitenles a lanƙwasa a ɗaure da 'yan ƙafafu ya tsaya kamar yatsa ɗaya daga jikinsa iska na wucewa tsakani. A yawancin Civic manifol na gaba ne dab da lagireto da fankarsa, don haka ka duba robar fankar ma ko ta fara laushi. Wayar da ta narke a yanke wurin a sake, kar a naɗe da salatif a barta, a janye ta nesa a sa mata rigar zafi, haka tiyon mai da ke shiga turbo, in na roba ne a canja shi da mai saƙar ƙarfe yau ɗin nan kafin ka sake hawa hanya.